Likkafanin Hajjo

"Mayar da ƙyallenka jaka, Maliki," in ji Saude maƙwabciyarsu. "Ba da shi za a rufe uwarka ba."

Maliki yana tsaye a ƙofar ɗaki da farin ƙyallen da ya sayo a Zariya. A ciki uwarsa Hajjo na kwance, kunu ma ya daina wuce mata.

"Inna Saude, in ta cika kafin ku gama fa?"

Zaren da mata suka tara na likkafanin bai kai ba, kuma Abarshi masaƙi na jira.

Hajjo ce ta kafa ƙungiyar Matan Mazari, shekarar da yaƙi ya koro mutanen daji zuwa cikin ganuwar Birnin Gwari. A shekarar wata gwauruwa ta mutu ba ta da kowa, aka naɗe ta a tsohuwar tabarma. Tun daga nan suka sa doka: wadda ta mutu a cikinsu, da zaren 'yan'uwanta za a saƙa likkafaninta. Akwai Hausawa, akwai Gwarawa, har da Bafulatana mai kawo nono. Ba a shiga sai tsofaffi sun yarda. Ko matar mai unguwa sai da ta jira damina biyu.

Aka baje tabarmi a tsakar gida, mata suka lakaci alli, mazarai suka yi ta juyawa tun hantsi. Hajjo ta ce a miƙo mata zare, ta shafa.

"Wannan mai ƙulli-ƙulli na Azumi ne."

"Yaya, idona ne ya mutu!" in ji Azumi daga waje.

"Da idon ma haka kike. A sa shi wajen ƙafa." Ta huta, sannan ta dubi ɗanta. "Kai kuma daina leƙe. Ba inda zan je sai sun gama."

Washegari da la'asar Abarshi ya aiko da saƙa. Saude ta haɗa, ta ɗinke, ta kai ɗaki ta ɗora a hannun maƙwabciyarta. Hajjo ta murza gefen da yatsa biyu.

"Ya yi," ta ce.

Ta cika da safe. Da maza suka ɗauki makara, Maliki ne a gaba. Saude ta tsaya a bakin zana tana kallo har suka sha kwana ta bayan rumbu, sannan ta koma tsakar gida ta fara tsintar audugar da ta maƙale a tabarmi.