Tsintar Shinkafa Kafin Awo

Tun da malamar asibiti ta ce jininta ya hau, Adawiyya ta rasa sukuni. Cikinta ya tsufa, kuma an gaya mata idan ta dawo gobe bai sauka ba, gado za a ba ta. To wa zai kula da 'yan biyunta a gida?

"Ki rage tunani," in ji malamar, sai ka ce tunani mayafi ne da za a cire a rataye.

Nabila, ƙanwar mijinta, ta nuna mata mabiya addinin Buddha a waya, sun tanƙwashe ƙafa, idanu rufe. "Numfashinki kawai za ki riƙa saurare, Anti."

Adawiyya ta zauna bisa tabarma ta rufe ido. Sai ga gadon asibiti, ga allura, ga yaranta suna kuka. Gabanta ya ƙara faɗuwa, amma kunya ta hana ta cewa abin bai yi ba.

Surukarta ta leƙo. "Mi kika yi haka, kamar mai jiran hukunci? Amshi nan, ɗiyata." Ta dire mata faifan shinkafar Wamakko, duk tsakuwa.

Adawiyya ta duƙufa, ido na bin ƙwaya, yatsa na ture tsakuwa. Har la'asar ba ta tuna da gado ba. Sai da ta gama tsoron ya dawo.

Da safe ta ƙulla wata shinkafar a leda, ta ɗauki faifai. A layin awo ta zauna tana tsinta, mata na kallonta, har aka kira sunanta.