Shinkafar da Aka Dafa wa Baƙo

Badaru ya dire kwanon shinkafa 'yar waje a gaban Fadima yana haki, don daga kasuwar Ɗanbatta bai tsaya ko'ina ba.

"Wannan za ki dafa."

"Malam, ga tamu sabuwa, jiya na gama tsince ta."

"Baƙo daga Tailan ki ba shi 'yar gida? Ya tauna tsakuwa mu shiga uku?"

Fadima ta ɗauki kwanon. Ta san mijinta, in ya kafe ko jaki ya shafa masa lafiya.

Kamfanin su baƙon, Mista Wirat, zai kafa injin casar shinkafa guda ɗaya a yankin Watari, ƙauyuka biyu ke nema. Badaru ne shugaban manoman ƙauyensu, shekara uku yana fafutukar nan. In injin ya tafi wancan ƙauyen, matansu da turmi sai abin da hali ya yi.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo tiren shinkafa, Naziru malamin gona ne tafinta. Baƙon ya zuba kaɗan a faranti, ya shinshina, ya cinye tas. Ƙwaya ɗaya ta faɗi a tabarma, ya tsince ta ya sa a baki. Sannan ya yi doguwar magana.

Naziru ya sosa ƙeya. "Wai a ƙasarsu gaisuwa ma, 'ka ci shinkafa?' ake cewa. In an yi girbi, sabuwar ce abin alfaharin manomi, ita yake ba baƙo. Ya ce wannan irin ta ƙasarsu ce, kuma ta kwana biyu a buhu."

"Ai karramawa ce," in ji Badaru.

Naziru ya fassara. Baƙon ya yi murmushi, ya ƙara magana.

"Ya gode. Wai jiya a wancan ƙauyen tasu suka ba shi, da mai da yaji, har ya nemi ƙari. Yana tambaya, Baba, taku ba ta ciwuwa ne?"

Kunya ta rufe Badaru. Ƙamshin sabuwar shinkafar da Fadima ta dafa wa yara na shigowa zauren. Taku goma ne tsakaninsa da tukunyar, amma baƙon ya riga ya miƙe, direba ya tayar da mota.

"Me zan ce masa?" Naziru ya tambaya.

Badaru ya dubi tiren da ko rabi ba a ci ba.

"Ka ce Allah ya kiyaye hanya."