Shafin Farko na Baibul ɗin Gidan Culpepper

Shekara goma sha ɗaya Nadine Culpepper ta yi tana bin asalin gidansu. Babu maƙabartar cocin da ba ta durƙusa a cikinta ba a gabashin jihar Kentucky, tana kankare gansakuka daga jikin duwatsu don ta karanta sunaye. Ta haɗa kakanni bakwai cif, tun daga Ezra da ya sauka daga jirgin ruwa da gatari ɗaya, har zuwa mahaifinta Wendell da ya rasu bara. In an zo taron dangi na shekara, ana cin soyayyar kaza a ƙarƙashin rumfa, sai a yi ta zuga ta, wai Nadine ce rumbun tarihinsu. Ita kuwa kanta ya yi ta kumbura, ashe kallon kitse take yi wa rogo.

Abu ɗaya ya rage mata, tsohon Baibul ɗin gidan, wanda kowane uba ke rubuta sunayen 'ya'yansa da hannunsa a shafin farko. Yana wurin Gwaggo Opal, yayar Wendell, wadda ba ta rabuwa da uzuri: yau yana ƙasan akwati, gobe takardun sun yi laushi. Ranar da Nadine ta je kai mata rigunan taro masu hoton bishiyar dangi a ƙirji, sunan kowa a reshensa, sai ta tarar da Baibul ɗin a kan teburin kicin, tsohuwar tana waje tana kwashe shanya.

Ta buɗe. Ga rubutun babanta mai karkata hagu: Curtis, 1961. Dale, 1966. Tsakanin yayan nata da ƙanenta ko gurbi bai bari ba, ita kuma a 1963 aka haife ta.

Opal ta shigo da kwando, ta ga littafin a buɗe, ko gezau ba ta yi ba. Ta zauna ta ce a waccan shekarar, Wendell yana soja a Jamus, wata goma sha huɗu bai tako gida ba. Ya dawo ya tarar da jaririya. Ya ɗauka, ya ciyar, ya ba ta sunansa, amma ya rantse ba zai ɗora alƙalami a littafin ubansa don rubuta sunanta ba.

"Gwaggo, su wa suka sani?" in ji Nadine.

"'Yar nan, wa bai sani ba?"

Nan ne abin ya soke ta. Ba mahaifiyarta da ke kabari ta ji wa haushi ba, ba ma Wendell ba. Curtis ta tuna, da yake kai ta maƙabartu a motarsa yana fito, da baffannin da ke tafa mata kowace shekara bakinsu duk maiƙo. An ci amanarta, kuma da dariya aka ci.

"Kuka zuba mini ido shekara goma sha ɗaya ina wanke kaburburan mutanen da ban haɗa jini da su ba?"

Opal ta ɗaga riga ɗaya, ta gyara tabarau, ta bi rassan bishiyar da yatsa har ta sami sunan Nadine.

"To ai duk cikinmu babu mai haƙurinki," ta ce. "Da mun faɗa miki, wa zai yi mana?"