Karkatacciyar Iyaka

Nababa da Mala maƙwabtan gona ne a wani ƙauye kusa da Gezawa. Layin gamba ɗaya ne ya raba dawar wannan da ta wancan, kuma dukansu suna da ciwon suga.

Mala, wanda kakansa ya zo daga Barno ya zauna, duk shekara bayan girbi yakan hau mota zuwa birni a duba masa ido, ko da ba abin da ke damunsa. Sai a ɗiga masa magani, ya dawo da baƙin tabarau yana tafiya a hankali. Wannan ranar kuwa sallah ce a wurin Nababa. Yana zaune a teburin mai shayi, an zabga masa madara da sukari, zai ɗaga murya:

"Ga makahon asibiti nan ya dawo! Mutum da idonsa garau ya kai kansa a rufe masa. Ni ko allura ta faɗa cikin ƙaiƙayi sai na tsinto ta."

Mala sai ya wuce gida abinsa.

Da damina ta yi nisa, dawa ta kai ƙugu, wata safiya Nababa ya tsaya a bakin gonarsa ya hangi layin gambar ya yi ciki, ya lanƙwaso cikin gonarsa. Ya murtsuke ido, ya sake dubawa. Yana nan a lanƙwashe. Bai tambayi kowa ba. Ya ɗauki fartanya ya sare kunya biyu na dawar Mala, sannan ya wuce ƙofar mai unguwa, Malam Zubair, yana kumfar baki wai an ci masa iyaka.

Malam Zubair ya taho da igiya, jama'a na biye. Aka kafa turke a kowane ƙarshen gona, aka ja igiyar. Ta kwanta a kan gambar tsaf, ko ɗan yatsa ba ta kauce ba.

"To ka gani," in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ai igiyar ma a karkace take. Baki kuka haɗa."

Aka bushe da dariya. Kulu, yayar Nababa, wadda ta baro tsinkar rama a tata gonar, ba ta yi dariya ba. Ta nuna falwayar lantarki da ke bakin titi.

"Kai Nababa, waccan a miƙe take?"

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. "Ita ma ta ɗan lanƙwasa a tsakiya."

"Ashe? To ita ma Mala ne ya tanƙwara ta?" Ta kalle shi daga hula har silifa, ta taɓe baki. "Ƙaton banza. Ka mai da bawan Allah abin dariya don yana kula da kansa, kai kuma ga ka nan, idonka na ruɓewa kana sare abincin mutane. Rufe na dama ka dube ni."

Ya rufe. Inda fuskarta take, sai wani baƙin tabo ya gani. Amma bakin bai mutu ba.

"Rana ce ta dake ni."

Kulu ta ja tsaki. Kashegari ita ta tasa shi gaba har asibitin ido a birni. Likita ta haska idanun, ta ce suga ya lalata ƙananan jijiyoyin da ke bayan idon, ruwa ya taru a wurin, shi ya sa miƙaƙƙen abu ke karkace masa. Na hagu ya daɗe da lalacewa, ɗayan ne ke rufa masa asiri. Na dama za a iya ceto shi da allura, idan zai riƙa zuwa.

"Wannan ciwon ba ya zafi, Baba. Da kuna zuwa duk shekara, da mun kama shi tun bai kai nan ba."

Ya riƙa zuwa, don Kulu ba ta ba shi zaɓi ba. Idon dama ya tsira. A gari kuwa cewa yake maganin feshi ne ya faɗa masa a ido, kuma har yau bai ba Mala haƙuri ba.

Mai unguwa ya yanke cewa da kaka Nababa zai biya dawar da ya sare. Da lokacin ya zo, Nababa ya zauna ya tsinto zangarniyar da tsuntsu ya ci, da wadda ta yi baƙi, ya ɗaure dami ya jefar a ƙofar gidan Mala ko sallama babu.

Mala ya fito, ya kwance damin, ya juya shi da ƙafa. Sannan ya kwashe ya zuba wa jakinsa.