Ƙarfen da Yaya Ya Bar Mana

Shekara uku Yaya ya yi yana karatun injiniya. Da Inna ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, sai ya watsar ya koma karatun likita tun daga farko. Ya ce saboda ita ne. Ni kuma aka cire ni daga shagon da nake koyon ɗinki, wai in kula da ita kafin ya gama. Shekara bakwai ina ɗaga ta, ina juya ta, ina yi mata wanka.

Da ya gama na je na roƙi mai shagon. Ta ce keken bakin taga yana jirana ranar Litinin.

Ranar Asabar Yaya ya shigo da ƙarafa da sarƙa. Wuni ya yi yana huda bango a saman gadon Inna.

"Auta, zo ki gani," ya ce. "Ki zura mata wannan majanyin, ki murɗa nan. Da hannu ɗaya ma kin ɗaga ta."

"Ni? Kai ina naka hannun?"

Sai ya hau sosa ƙeya. Wai ƙungiyar agaji ta ɗauke shi aiki a sansanin 'yan gudun hijira, can wata ƙasa. Jibi zai tafi.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar har maƙwabta sun ji.

"Jibi ni ma ina da wurin zuwa! Ka tambaye ni?"

"Mutum dubu ne a can, ba likita ko ɗaya."

"A nan mutum biyu ne, shi ya sa ba ka gani. Ka bar injiniya don uwarka, yau kuma ka dawo mata da injiniyan ka tafi da likitan!"

Inna tana reto a cikin majanyi ta ce, "Ku sauke ni tukuna, 'yan nema. Ni buhun siminti ce?"

Shi ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Litinin ya tafi. Bai kai mako ba aka ba wata keken bakin taga.

Kullum da safe ina murɗa ƙarfen, Inna ta tashi sama salin-alin. Ko ƙara ba ya yi. Na so ya karye, in kira Yaya in ce ya dawo. Amma da kyau ya ƙera shi, mugun.