Sunan da Hajo Ta Ƙi Faɗa

"Hajo, don girman Allah ki buɗe baki ki faɗa!"

Ni ce na faɗi haka, ina tsaye a ƙofar ɗakin Malam Isah, zanina duk garin masara don daga wurin injin niƙa na biyo. Hajo tana zaune a gefen katifar mijinta tana yi masa fifita. Ko kallona ba ta yi ba.

"Maman Kausar, ki ƙyale ni," ta ce. "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kiran sunan maigidana ba, sai yau in kira na ubanshi? Da wannan bakin nawa?"

Malam Isah Tsiga maƙwabcina ne a unguwar Jabiri, nan Funtuwa. Katanga ɗaya ta raba mu tun ina amarya. Dillalin masara ne, mai barkwanci, wanda ba ya wuce ka bai tsokane ka ba. Amma a ranar yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye, idanu kaɗai ke motsi. A ɗakin da ke kallon nasa kuwa ga jariri namiji da matar ɗansa Awaisu ta haifa. Ranar suna tana ta matsowa, kuma babu wanda ya san sunan da za a raɗa.

Yadda abin ya kai ga haka, daga wannan Tsiga ɗin da ke bayan sunansa ya faro. Shi da kansa ya sha ba mu labari yana dariya. Wai da kawunsa ya kai shi firamare a Malumfashi, su uku ne Isah a aji ɗaya. Hedimasta ya gaji da kiran ɗaya uku su amsa, sai ya raba su da garuruwansu, wannan Isah Mahuta, wancan Isah Musawa, shi kuma Isah Tsiga. "Ni ko cikin Tsigar ba a haife ni ba," in ji shi. "Wata 'yar ruga ce a bayan gari." Mahaifinsa ya rasu ana yaye shi. Sunan gari ya hau ya zauna daram, ya bi 'ya'ya, ya bi jikoki, har allon shagon takin Awaisu Tsiga aka rubuta. Sunan mahaifi kuwa babu mai jin sa. In zance ya biyo ta kansa, Marigayi kawai Malam Isah ke cewa, yana sunkuyar da kai.

Tun cikin jaririn nan yana ƙarami Malam Isah ya kira Awaisu ya ce in namiji aka samu, sunan Marigayi za a sa, don duk zuriyar babu mai shi. Awaisu ya ce, "To Baba, mene ne sunan?" Sai ya ce, "Kai dai bari a haihu, ni zan faɗa ma liman a kunne." Aka haihu lafiya, ya raba goro, ya tafi kasuwar Bakori da murnarsa. A can ya yanke jiki ya faɗi tsakanin buhuna.

Duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san sunan, ita ce Hajo, don a kunnenta aka ambata shi lokacin aurensu. Ita kuma ta kafe kai da fata. Sunan suruki ne, ba ya fita daga bakin mace mai tarbiyya.

Na ce to mu bi ta wata hanya. Na zauna a gabanta na shiga jero sunaye, na ce in na dace ta ɗaga kai kawai. "Maharazu ne? Mudi? Murtala?" Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ɗaga kai ma ai faɗa ne," ta ce, ta tashi ta shige madafa. Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu.

Muka koma kan mara lafiya. Awaisu ya riƙe hannunsa na hagu ya ce, "Baba, in na faɗi daidai ka matse." Yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, tsoho yana kallonsa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Wani lokaci ya matse a kan suna biyu a jere, wani lokaci hannun ya saki gaba ɗaya. Da muka ga wahala kawai muke ba shi, muka bari.

Washegari Awaisu ya rufe shago, a tsakiyar cinikin kaka, ya hau babur ya nufi Tsiga. Da la'asar ya dawo jiki a sanyaye, ya zauna a kan turmin tsakar gida.

"Goggo," ya ce mini, "na tsaya a tasha na ce ina neman dangin Malam Isah Tsiga. Mai shayi ya kwashe da dariya, ya ce samari, nan ai kowa Tsiga ne, har ni. An kai ni gidan Isah mai faci, an kai ni gidan Isah ladan. Wani tsoho ya ce ya tuna rugar, amma sun tashi tun yana yaro, wurin yanzu gonar waken suya ce."

Ya juya ga uwarsa. "Inna, ki taimake ni. Shekarata arba'in ina amsa sunan garin da ko gidan da zan sha ruwa ban da shi. Kalma ɗaya ce."

"Ka yi haƙuri, Awaisu," ta ce. "Ai zai samu sauƙi ya faɗa da kanshi."

Har liman muka ɗauko, Malam Abdussamad. Ya tsaya daga bayan labule ya yi mata nasiha a hankali, ya ce kunya abu ne mai kyau, amma wannan al'ada ce ba addini ba, kuma cika burin miji lada ne. Hajo ta saurara har ya gama. "Na sani, Malam," ta ce. "Allah ya saka da alheri." Na kalle ta da kyau, sai na ga ta cije leɓenta. Duk da haka haushinta bai sake ni ba. Na tafi gida na huce a kan tukwanena.

Jajiberin suna, bayan azahar, ina shanya masara a kan siminti, na ji salati ta bayan katanga. Rai ya yi halinsa. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Mutanen kasuwa suka cika layinmu, kowa na cewa Allah ya ji ƙan Tsiga, Tsiga mutumin kirki ne.

Da safe aka haɗa zaman makoki da raɗin suna a kan tabarmi ɗaya. Babu kiɗa, babu guɗa. Muna cikin gida muka ji liman yana jiran Awaisu ya faɗi suna. Can sai aka ɗaga murya, "Sunan yaro Isah. Allah ya raya." Nan take mata suka fara cewa a miƙo musu Abba su gani, don babu mai iya kiran wannan sunan ma a gidan. Na ce a raina, to madalla, an sake binne wani.

Na ɗauki farantin dabino na nufi ɗakin Hajo. Na riga na shirya maganar da zan gaya mata, takaba ko ba takaba. Ina ɗaga labule na tsaya.

Ita kaɗai ce a kan tabarma, da hijabin takabarta, jaririn a cinyarta. Ta sunkuya har bakinta yana taɓa kunnensa, ta kare da tafin hannu. Leɓenta ya motsa sau ɗaya, gajeren abu, ban ji komai ba. Ta ɗago, ta goge ido da bakin hijabi, ta sake sunkuyawa ta maimaita masa.

Yaron ya yi hamma, ya juya kai yana neman nono. Na ajiye farantin a bakin ƙofa, na saki labulen.