Tarin Kili

A shekarar farin nan na tamanin da huɗu duk mai doki a Falanko ya sayar, ban da Attahir. Shi dai taurin kai gare shi, kuma yana son dokinsa Kili son da bai iya ɓoyewa. Sai dai kunya ta hana shi ciyar da doki a fili, alhali awakin maƙwabta suna faɗuwa don yunwa. Ya sha tunani, sannan ya shigar da Kili ɗakin da yake ajiyar harawa, ya toshe taga, ya rataya asabari a ƙofa. A nan dokin ya ci ya sha, ba idon kowa a kansa.

Da aka shiga bazara Kili ya fara tari, mai nauyi, daga can cikin ƙirji. Majina ta biyo baya. Attahir ya yi masa turaren tsumma kamar yadda ya ga ubansa yana yi, abin ya ƙaru. Tari kuwa ba ya ɓoyuwa a ƙauye. Ɗan Azumi, wanda jakunansa ke ja wa gari ruwa a rijiya, ya kai magana wurin maigari cewa wannan mugun ciwon ne mai yaɗuwa, kuma in jakuna suka kamu gari zai kwana da ƙishirwa. Ba sharri ya yi ba, tsoro ne ya kama shi. Maigari ya ce a kira ma'aikatan dabbobi daga Tanut, in sun tabbatar, a harbe dokin.

Wadda motar ma'aikatan ta sauke ita ce Kaltuma, ɗiyar Attahir ta uku, da ta yi karatun aikin dabbobi aka ajiye ta a Tanut. Attahir ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka magana ta ƙare a cikin gida. Ta gaishe shi a durƙushe, ta sha ruwa, sannan ta faɗa masa abin da bai so ji ba.

"Baba, in mugun ciwon ne, ni zan ba da izinin harbin. Ba zan rufa ba."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Amma can ƙasan ɓacin ran ya ji wani abu kamar alfahari, don ya san inda ta gado wannan taurin kan.

Ta bayyana wa dattawa cewa majinar hanci ba ta isa shaida ba, ruwan da ke can cikin maƙogwaro take so. Huhu in yana wahala, in ji ta, akwai sinadaran da yake zubarwa a ruwan nan, kuma a Yamai za su auna su, su nemi ƙwayar cutar, su gane ko kamuwa ce ko wani abu ne ke cin huhun. Attahir da kansa ya riƙe leɓen dokin. Ta zura siririn tiyo ta hanci, ta tura ruwan gishiri, ta zuƙo shi ya dawo da kauri. Kili ya yi tsalle har ya kusa take ta. Ta rufe kwalbar, ta sa a akwatin ƙanƙara. Kafin ta tafi ta leƙa ɗakin harawar, ta daɗe a ciki, ta fito tana atishawa.

Jiran ya yi wa Attahir tsawo. Mutane suka rage zama a ƙofar gidansa, shi kuma ya rame fiye da dokin.

Ranar da ta dawo, a gaban maigari ta tsaya. Ta ce ba a sami ƙwayar cuta ba, jakuna ba su cikin haɗari, ba za a harbi Kili ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Sai da suka shiga gida, daga ita sai shi, ta ƙarasa.

"Ɗakin ne, Baba. Ƙurar harawa da rashin iska, ga hayaƙin turaren. Ku fito da shi waje, a riƙa yayyafa wa abincinsa ruwa."

Attahir ya gane da hannunsa ya kusa kashe abin da yake so, ya kuma gane ta san haka tun a gaban jama'a, ta rufa masa asiri ba tare da ta yi ƙarya ba.

Bayan la'asar ya kafa turke a gindin aduwa, a bakin hanya, ya ɗaure Kili. Ɗan Azumi ya zo wucewa, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya tambaye shi wane magani aka rubuta.

Attahir ya ɗaga murya yadda har na bakin rijiya za su ji.

"Iska. Ɗiyata ce ta rubuta."